Mai hura wutar jirgin ruwa: yadda ya rayu a ƙasan Titanic da yadda ya mutu

Da ƙarfe 2:20 na daren Lahadi wayewar Litinin, 15 ga Afrilu 1912, jirgin Titanic ya gama nutsewa a tekun Atlantika bayan ya yi karo da dutsen ƙanƙara, kuma a daidai wannan lokacin ne kamfanin White Star, mai jirgin, ya tsayar da lissafin albashin ma'aikatan jirgin, da wanda ya mutu da wanda ke cikin kwale-kwale yana karkarwar sanyi duk ɗaya. Ba a ɓoye aka yi ba kuma, dokar Ingila ta lokacin ce ta ce in jirgi ya halaka to kwantiragin ma'aikaci ya ƙare nan take. Mafi yawanmu in an ce Titanic abin da ke zuwa mana a rai shi ne attajirai da manyan ɗakuna da kyaftin mai farin gemu, amma akwai mutum sama da 300 da ke can ƙasa wajen inji waɗanda fasinja zai iya gama tafiyarsa kaf bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, kuma su ne ke tafiyar da jirgin da hannunsu a zahiri. Rayuwar waɗannan nake so mu baje, musamman mai hura wuta, wanda aikinsa shi ne ɗibar kwal da shebur yana watsawa cikin tanderu.

Sai an fara gane yadda irin wannan jirgi ke tafiya kafin a gane mutumin. Jirgin tururi irin Titanic ba mai yake sha ba, ruwa ake dafawa a manyan tukwanen ƙarfe har ya zama tururi, ƙarfin tururin ne ke juya inji, inji ya juya farfela. Titanic yana da irin waɗannan tukwane guda 29 a cikin ɗakuna 6, kuma bakin tanderun da ake zuba wa kwal ya kai 159. Babu wata na'ura da ke zuba kwal ɗin, mutum ne. A rana jirgin na cinye kwal sama da tan 600, ya fitar da toka kusan tan 100 da ake harbawa cikin teku. Kuma ba tafiya kaɗai tururin ke yi ba, wutar lantarkin jirgin gaba ɗaya daga nan take, da ruwan zafin wanka, da girkin kicin, da lif ɗin da ke hawa da masu kuɗi, da famfunan da ke zuƙe ruwa in ya shigo, har da na'urar aika saƙo ta iska da aka yi kiran ceto da ita a daren. Duk abin da ke motsi ko haske a jirgin nan, in ka bi asalinsa, a bakin shebur za ka tsaya.

Aikin kashi-kashi ne. Akwai masu hura wuta kusan 160 da ogoginsu 13, sai 'yan baro 73 waɗanda ke shiga cikin rumbun kwal suna fasa manyan dunƙule da guduma su loda a baro su turo gaban tanderu, su kuma kwashe toka, sannan wajibi ne su riƙa ɗibar kwal daidai wa daida daga ɓangaren dama da hagu don kada jirgi ya karkata, su ne mafi ƙanƙanta a daraja kuma su suka fi shaƙar ƙura domin cikin rumbun babu iska babu hasken kirki. Sai masu zuba wa inji mai su 33. A saman duka akwai injiniyoyi ƙarƙashin babban injiniya Joseph Bell. Awa 4 ake yi a aiki a huta awa 8, sau biyu kenan a rana. In ka raba tan 600 ɗin nan tsakanin masu hura wutar za ka ga kowane mutum na ɗaga kusan tan 4 kullum, wato nauyin buhun siminti sama da 70, da shebur, a gaban wuta, kan daɓen ƙarfe da ke lilo da igiyar ruwa.

Kuma wani abu da mutane ba sa kula da shi, aikin nan ba ƙarfi kaɗai ba ne, akwai gwaninta. Galibi mutum ɗaya baki uku yake kula da su. Ba tula kwal ake yi ba, shimfiɗa shi ake yi siriri daidai a kan wutar don iska ta ratsa, in ya yi kauri wuta ta shaƙe ta yi hayaƙi, in ya yi rami iska mai sanyi ta shiga tururi ya sauka, kuma da zarar ma'auni ya nuna tururi ya sauka injiniya zai sauko da masifa. Akwai wata na'ura da ke buga ƙararrawa bayan 'yan mintuna tana nuna lambar tanderun da za a buɗe, to ba kai ke zaɓar lokacin da za ka ja numfashi ba, ƙararrawa ce. Bayan zubawa sai ka ɗauki wani dogon ƙarfe mai nauyi ka cusa ƙarƙashin wutar ka ɗaga don fasa tokar da ta narke ta daskare, sannan ka jawo ta waje da manjagara tana ja jawur ta zubo a gaban ƙafarka, ɗan baro ya watsa mata ruwa, tururi da warin ƙibiritu su turnuƙe wajen. Zafin ɗakin yakan kusanci digiri 50. Gumin da suke yi yana fitar musu da gishirin jiki har jijiyoyi su riƙe, ciki da ƙafa su ƙulle mutum ya faɗi yana murƙususu, shi ya sa ake ajiye musu ruwan da aka jiƙa hatsin oti a ciki suna sha. A jiragen Ingila na wancan zamani an san cewa masu hura wuta da 'yan baro su suka fi kowa faɗawa teku da gangan, musamman a hanyoyi masu zafi irin Bahar Maliya, mutum ya fito daga ƙasa kansa ya juye kawai ya haure ƙarfen gefe. Allah ya kyauta.

To nawa ake biya? Mai hura wuta fam 6 a wata, ɗan baro fam 5 da sule 10, oga fam 6 da sule 10. Kyaftin Edward Smith yana karɓar fam 1,250 a shekara. A cikin jirgin akwai iyalin da suka biya sama da fam 500 kuɗin ɗakunansu na tafiya ɗaya tak, wanda mai hura wuta sai ya yi shekara bakwai yana aiki ba hutu bai ci ko kwabo ba kafin ya tara. Amma abin da ya fi ƙarancin kuɗin ciwo shi ne aikin ba na dindindin ba ne. Tafiya-tafiya ake sa hannu. Jirgi ya je New York ya dawo, a biya ka, shi kenan babu kai babu kamfani sai in an sake ɗaukar ka. Kowa yana da ɗan littafinsa da ake rubuta sunan jirgin da ya yi aiki da yadda halinsa yake, in aka ɓata maka littafin nan da mummunar shaida to ka shiga uku, don shi za ka miƙa a layi gobe.

Wannan ne ya sa abin da ya faru a farkon 1912 yake da muhimmanci. Masu haƙar kwal na Birtaniya sun shiga yajin aiki tun ƙarshen Fabrairu, ba a janye ba sai 6 ga Afrilu. Babu kwal babu jirgi, jirage suka yi jerin gwano a ɗaure a tashar Southampton ta Ingila, inda Titanic zai tashi, dubban magidanta suka yi makonni ba aiki, mata na kai kayan ɗaki jingina, haya ta taru. Shi kansa Titanic sai da aka kwaso kwal daga cikin wasu jiragen da ke ɗaure aka haɗa masa kusan tan 5,900 kafin ya iya tashi. Don haka ranar Asabar 6 ga Afrilu da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, mutanen unguwannin Northam da Chapel, unguwannin talakawa da ke bakin tashar, rububi suka yi. Wanda ya samu gurbi murna aka yi a gidansa. Uba da ɗa, wa da ƙane, suruki da suruki, maƙwabta layi guda, duk suka shiga jirgi ɗaya, kuma wannan ne dalilin da ya sa da abin ya faru bai warwatsu a faɗin ƙasa ba, a kan 'yan layuka ya sauka.

Ranar tashi, Laraba 10 ga Afrilu, wasu 'yan uwa uku masu hura wuta 'yan gidan Slade sun tsaya shan giya a wata mashaya kusa da tashar, da suka taso a guje sai jirgin ƙasa ya gitta musu, kafin ya wuce an fara janye gadar shiga, jami'i ya ce sun makara. Nan take aka ɗauki wasu daga cikin mutanen da ke tsaye suna jiran ko za a samu gurbi. 'Yan Slade suka koma gida da baƙin cikin rasa aiki, waɗanda aka ɗauka a madadinsu kuwa ba su dawo ba. Wani kuma mai suna John Coffey da jirgin ya tsaya a Queenstown ta ƙasar Ireland, garinsu, ya ɓuya cikin buhunan wasiƙu ya sulale. Ajali kenan, in bai yi ba bai yi ba.

Ba na so in mayar da mutanen nan waliyyai, don ba haka suke ba kuma ba sa buƙatar haka kafin a tausaya musu. An san su da shaye-shaye da faɗa in sun sauka, jami'an jirgi ma shakkar shiga ɗakunansu suke yi. Ɗauki William Mintram, mai hura wuta ɗan Southampton. A 1902 ya dawo gida a buge rigima ta kaure tsakaninsa da matarsa ya daɓa mata wuƙa ta mutu, kotu ta ɗaure shi. Da ya fito babu inda zai nufa sai bakin tanderu, don nan ne ba a cika tambayar tarihin mutum ba muddin yana iya ɗaga shebur. Ya zauna gidan 'yarsa da mijinta Walter Hurst, kuma tare suka sa hannu a Titanic. Hurst ne ya rayu ya ba da labari, ya ce surukin nasa ne ya tashe shi daga barci ta hanyar jefa masa guntun ƙanƙara a gado yana cewa sun yi karo, daga baya da suka haɗu a sama Mintram yana da rigar ceto shi ba shi da ita, sai tsohon ya cire ya ba shi. Hurst ya faɗa ruwa ya samu ya hau bayan wani kwale-kwale da ya kife. Mintram ba a ga gawarsa ba. Mutum ɗaya ne ya yi abin farko ya yi na biyu, kuma ni dai ban ga yadda za a ambaci ɗaya a bar ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan daren. Inda aka ajiye masu hura wuta su kwana shi ne can goshin jirgi, a manyan ɗakuna masu gadaje hawa-hawa, kuma an yi musu matattakala mai murɗawa da wani dogon lungu a can ƙasan jirgi wanda ke kai su ɗakin tukwane kai tsaye, duk don kada su gamu da fasinja da baƙin jikinsu. To dutsen ƙanƙarar nan da ƙarfe 11:40 goshin jirgin ta dama ya goga. Kenan su ne na farko da suka sani. Waɗanda za su karɓi aiki da sha biyun dare suna shirin sauka suka leƙa matattakalar suka ga ruwa na tuttuɗowa a lungun nasu, a lokacin da fasinjojin sama da yawa ko farkawa ba su yi ba.

A ɗakin tukwane na 6, wanda ya fi kusa da goshi, ogan masu hura wuta Frederick Barrett yana tsaye yana magana da injiniya James Hesketh sai jan fitila ta kama alamar a tsaya, ya daka tsawa a rufe ƙofofin iskar tanderu, kafin a gama sai ruwa ya fasa gefen jirgin ya shigo kamar ƙafa biyu sama da daɓe. Su biyun suka tsallaka ɗaki na 5 ƙofar ƙarfe mai hana ruwa tana saukowa a bayansu. Wani ɗan baro George Cavell yana cikin rumbu shi kaɗai, girgizar ta rufto masa da kwal sai da ya tona kansa ya fito. Barrett ya faɗa wa kwamitin bincike cewa da ya zaga ta sama ya leƙa ɗaki na 6 bayan ɗan lokaci kaɗan, ruwa ya kai ƙafa 8.

Nan ne aikin da ya fi kowanne wuya ya fara, kuma dalilinsa na da sarƙaƙiya. Jirgin yana gudu kusan iyakar ƙarfinsa ne, wajen kilomita 40 a awa, tukwane cike da tururi, sai aka tsayar da inji farat ɗaya. Tururin ba shi da inda za shi, dole aka sake shi ta bututun sama da wata irin ƙara da ta hana mutane jin maganar juna a saman jirgi. Sannan ana tsoron ruwan teku mai sanyin ƙanƙara ya taɓa tukunya mai zafi ta fashe. Saboda haka a ɗakunan gaba sai an kwashe wutar, wato a jawo garwashin duka waje daga kowane baki a kashe shi da ruwa, mutum na tsaye cikin ruwan sanyi har gwiwa fuskarsa kuma na gasuwa, wajen ya cika da tururi ba ka ganin na kusa da kai. Amma kuma a ɗakunan baya dole a ci gaba da hura wasu tukwanen, don in tururi ya mutu gaba ɗaya famfunan zuƙe ruwa za su tsaya, lantarki ya ɗauke, saƙon neman ceto ya yanke. Wato a lokaci guda wasu na kashe wuta wasu na hura ta, duka don jirgin ya ƙara minti. A ɗaki na 5 injiniya Jonathan Shepherd ya faɗa wani rami da aka buɗe don aikin famfo ya karya ƙafa, aka ɗauke shi aka ajiye gefe, da ruwa ya ɓarke ɗakin daga baya abokin aikinsa Herbert Harvey ya ce wa Barrett ya hau sama, shi kuma ya nufi wajen Shepherd. Ba a sake ganin su ba. Fitilun Titanic ba su mutu ba sai 'yan mintuna kafin ya nutse, kuma duk wanda ya samu hanyar kwale-kwale a cikin waɗannan lunguna masu kama da juna, da hasken nan ya gani. Injiniyoyin jirgin babu ko ɗaya da ya tsira.

Sai dai akwai gyara a labarin da aka saba bayarwa cewa duk sun tsaya a bakin aiki har ruwa ya rufe su. Shaidar waɗanda suka tsira ta nuna da yawa an sallame su sun hau sama, kashi biyu cikin uku ma ba sa kan aiki lokacin karon. Matsalar ita ce sun hau sama sun tarar da me? Kwale-kwalen ceto 20 ne, masu ɗaukar mutum 1,178, alhali mutanen jirgin sun haura 2,200, kuma wannan bai saɓa doka ba, dokar ce ta tsufa tun zamanin ƙananan jirage. Umarni shi ne mata da yara tukuna. Mai hura wuta namiji ne, ma'aikaci ne, kuma ba matuƙi ba ne, to ba shi da hujjar shiga sai in jami'i ya rasa mai tuƙi ya ce kai zo ka kama. Ga shi ya fito daga zafin digiri 50 da 'yar singileti da wando jiƙe da gumi zuwa sararin da ruwansa ke ƙasa da sifili. Waɗanda suka faɗa ruwan nan yawancinsu ba nutsewa suka yi ba, rigar ceto ta riƙe su a sama, sanyi ne ya kashe su cikin mintuna.

Alƙaluman binciken Birtaniya sun fito da abin fili. Ma'aikatan sama, wato jami'ai da matuƙa, su 66 ne, 43 suka tsira, saboda su ke tuƙa kwale-kwalen. Sashen inji mutum 325, 72 suka tsira, kusan mutum ɗaya cikin biyar. Mazan da ke aji na ɗaya kusan ɗaya cikin uku ya tsira. Adalci kuma shi ne a faɗa cewa mazan aji na biyu sun fi kowa mutuwa, 14 kacal cikin 168, don haka ba za a ce masu hura wuta ne suka fi kowa asara a lissafin kashi ba. Bambancin shi ne su ba tafiya ce ta kawo su ba, neman abinci ne, kuma mutuwar kowannensu ta tafi da abincin gida guda.

Maganar albashin nan ma a cikin kwale-kwale ta fara fitowa. Kwale-kwale mai lamba 1 yana iya ɗaukar mutum 40 amma da 12 aka sauke shi, biyar fasinjojin aji na ɗaya, bakwai ma'aikata, yawancinsu daga ɗakin wuta. Matar ɗaya daga cikin fasinjojin, Sir Cosmo Duff-Gordon, ta yi wa sakatariyarta jajen wata rigarta da ta tafi da jirgin, sai ɗaya daga cikin masu hura wutar, Robert Pusey, ya ce su ai za su iya sayen wasu, su kuwa kayan aikinsu sun tafi kuma albashinsu ya tsaya daga daren nan. Duff-Gordon ya yi alkawarin fam 5 ga kowannensu kuma ya cika, abin da ya jawo masa zargin cin hanci don kada a koma ɗaukar masu ihu a ruwa, binciken ya wanke shi daga wannan zargi amma sunansa bai sake gyaruwa ba. Abin da ya tsaya min a rai a labarin shi ne mutum ya ga jirgi ya nutse da abokansa awa ɗaya da ta wuce, amma lissafin da ke kansa shi ne na haya da abinci, domin ya san dokar sarai. Kwana shida aka yi, kuɗinsa fam ɗaya da 'yan sulalla.

A Southampton kuwa labarin farko da jaridu suka buga ranar Litinin cewa ya yi kowa ya tsira ana jan jirgin zuwa Halifax ta Kanada. Kafin gari ya waye magana ta juye. Mata suka cika gaban ofishin White Star a titin Canute da goyo da yara, kwana da kwanaki, ana jiran a liƙa sunaye, da aka fara liƙawa kuma sunayen a hargitse suke, ga masu suna iri ɗaya, mace ta ga sunan gidansu ba ta san mijin ne ko ɗan ba. Mutanen garin sama da 540 suka mutu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk mamatan jirgin daga gari ɗaya. A gidan May an rasa uba Arthur da ɗansa Arthur, shi ɗan ya bar mata da jariri ɗan makonni.

Ko a gawa ma ba a daidaita ba. Jirgin Mackay-Bennett da aka tura daga Halifax ya tsamo gawa 306, ya mayar da 116 cikin teku, ya kawo 190. 'Yan aji na ɗaya aka yi musu maganin hana ruɓewa aka sa a akwati, waɗanda aka fi mayarwa ruwa kuwa ma'aikata ne da 'yan aji na uku. Mai hura wuta ba ya yawo da agogon zinare mai suna ko takardun banki, sau da yawa abin da ake rubutawa shi ne shekarunsa a ƙiyasi, zanen da ke hannunsa, da irin wandon aikin da ya sa, ƙila mai hura wuta ne, shi kenan. Wanda ya yi sa'a katin ƙungiyar ƙwadago na aljihunsa, kamar Joseph Dawson, ɗan baro daga Dublin mai shekara 23, da katin aka gane shi aka binne shi a maƙabartar Fairview. Mutum 150 aka binne a Halifax, sama da 40 har yau babu suna a kan dutsensu sai lamba da ranar mutuwa.

Iyalai sun samu wani abu, ba za a ce ba su samu ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 1906 ta shafi ma'aikatan jirgi, iyakarta fam 300. Jama'a kuma suka tara gudummawa sama da fam 400,000 aka kafa asusu da ke biyan zawarawa da marayu kuɗin mako. Amma an jera kuɗin ne bisa matsayin mamacin, matar jami'i sama, matar mai hura wuta da ɗan baro can ƙasa, sannan akwai wata mata da aka ɗauka tana zagaya gidaje tana duba yadda zawarawan ke zaune, wadda aka samu da shan giya ko aka zarge ta da wani namiji ana iya dakatar mata da kuɗin. Haka ma wajen tunawa, injiniyoyi aka gina musu babban abin tarihi na tagulla a filin shaƙatawa na garin a Afrilun 1914, sauran ma'aikata kuwa 'yan uwa da abokai ne suka yi karo-karo aka yi musu ɗan famfon shan ruwa a 1915, wanda yanzu yake cikin kangon cocin Holyrood.

Su masu hura wutar da suka rage ba su jira kwamiti ba. Kwana tara bayan hatsarin, ranar 24 ga Afrilu, jirgin Olympic na kamfanin, yayan Titanic, yana shirin tashi daga Southampton, kamfani ya yi sauri ya lodo masa ƙarin kwale-kwale masu naɗewa na hannu, sai masu hura wuta kusan 300 suka duba suka ce waɗannan ba za su ɗauki rai ba, suka sauka. Kamfani ya kwaso wasu daga waje, matuƙa sama da 50 suka ce su kuma ba za su yi tafiya da waɗanda ba su san aiki ba, aka kama su da laifin tawaye, aka soke tafiyar dungurungum. Kotu a Portsmouth ta ce laifin ya tabbata amma ta sallame su ba tara ba ɗauri. A ganina wannan yajin aikin ya cancanci a riƙa ambatonsa tare da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914, don su ne suka fara cewa a'a da aikinsu a hannu, alhali sun fito daga makonnin yunwa. Dokar tsayar da albashi kuwa ta daɗe, sai a 1925 Birtaniya ta amince a biya ma'aikacin da jirginsa ya halaka har na wata biyu.

Kuma kada a ɗauka Turawa kaɗai ke bakin tanderu. Jiragen Birtaniya da yawa da 'yan Yaman da Somaliya da Indiya suke hura wutarsu, jiragen Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas kuwa mutanen Afirka ta Yamma ne, musamman Kru na Laberiya da Saliyo, a kan kuɗin da bai kai na Bature ba, da hujjar wai baƙar fata ya fi jure zafi. Jirgin kamfanin mai suna Falaba da Jamusawa suka nutsar a 28 ga Maris 1915 yana hanyar zuwa Afirka ta Yamma ya tafi da mutum 104.

Waɗanda suka tsira daga Titanic mafi yawansu komawa teku suka yi, don babu wata sana'ar. Arthur John Priest ya fita daga Titanic da ciwon sanyi a ƙafa, ya koma bakin wuta, jirgin Alcantara ya nutse da shi a 1916 ya tsira, Britannic ya nutse da shi a wannan shekarar ya tsira, Donegal ya nutse da shi a 1917 ya sake tsira, daga nan ya bar aikin, ya mutu a gida a Southampton a 1937. Abin da ya kawo ƙarshen sana'ar a manyan jirage shi ne man fetur. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka juya Olympic daga kwal zuwa mai tsakanin 1919 da 1920, ma'aikatan ɗakin wuta suka sauko daga kusan 350 zuwa wajen 60, sauran aka bar su a bakin tasha suna neman wani jirgin da har yanzu ke cin kwal.